Shekara biyar a aji: wa ɗalibin shari'a yake yi wa karatu?

Ɗalibar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga iyayenmu malamai da yayyenmu lauyoyi. Duk inda aka rubuta manufar koyar da shari'a a jami'a, abu uku ake jerowa: bin doka, adalci, da ci gaban ƙasa. Mu da muke cikin aji, na farkon kaɗai muke gani, shi ma na hadda. Mun haddace sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999, cewa wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Mun iya kawo shari'ar gwamnan soja na Legas da Ojukwu ta 1986, inda Kotun Ƙoli ta ce gwamnati ma ba ta fi ƙarfin doka ba. Amma 'yan kaɗan ne a cikinmu suka taɓa taka ƙofar caji ofis ko kotun alƙali. A Disambar 2022 hukumar kula da jami'o'i ta fito da sabuwar manhaja wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Me ya kamata tsangayoyinmu na Arewa su zuba a wannan gurbin?

Barista Mai Zaman Kansa:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, da gangan aka raba aikin gida biyu. Tun kwamitin Unsworth na 1959, wanda ya duba yadda za a horar da lauyoyi a ƙasar nan, aka tsara cewa jami'a ta koyar da ilimin, Makarantar Horas da Lauyoyi ta koyar da aikin. Dokar 1962 ce ta kafa makarantar, ta buɗe a Igbosere a Legas a Janairun 1963 da ɗalibai 8. Yau tana da rassa har Bagauda da Yola. Idan kin je za a tura ki kotu, a tura ki ofishin lauya, ki ga komai da idonki. Yanzu ki riƙe dokar kwangila da dokar shaida da kyau. Wanda bai san doka ba ba ya taimakon kowa, komai tausayinsa.

Tsohon Rajistara:
Barista, ranka ya daɗe, ban ƙi maganarka ba, amma shekara ɗaya ba ta gyara idon da aka rufe shekara biyar. Ni a kotun ƙasa na tsufa, kuma ga abin da na sha gani. Za a kawo mutumin ƙauye, ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa tun ba a ce masa komai ba. Mai gabatar da ƙara ya karanta tuhuma da Turanci. Babu tafinta, sai a ce wa masinja ko akawu ya gaya masa. Shi kuma ya dunƙule takarda guda a jimla ɗaya: an ce ka saci akuya, haka ne? Mutumin ya ce akuyar dai a gidana aka same ta. Yana nufin ya ci gaba da bayani cewa ta shiga gonarsa ce ya ɗaure ta har mai ita ya zo, amma alƙalami ya riga ya rubuta ya amsa laifi. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ba shi haƙƙin tafinta kyauta. Sau da yawa akwai ƙaramin lauya zaune a bencin gaba yana jiran tasa shari'ar, kuma bai ga an yi wani abu ba daidai ba, domin ba a taɓa nuna masa cewa nan ne wurin da sashen yake aiki ba.

Kuma ba haka aka faro a Arewa ba. A 1934 aka buɗe makarantar shari'a a Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka ɗauko malamai daga Sudan, don a horar da alƙalan da za su zauna da talakawa. Da za a kawo dokar hukunta laifuka, wato Final Kod, ta 1960, sai da aka riƙa kwaso alƙalai da ma'aikatan kotu zuwa Kongo a Zariya ana koya musu ita, aka kuma fassara ta da Hausa. Tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello a kan wannan tushen ta tashi a 1962. Masu wancan zamanin sun san cewa dokar da mai shari'a da wanda ake yi wa shari'a ba su fahimta ba, takarda ce kawai.

Mai Shayin Layinmu:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mu dai a wajenmu shari'a ta mai kuɗi ce. An rubuta beli kyauta ne a bango, amma je ka karɓo ɗanka hannu rabbana ka gani.

Malamin Jami'a:
Mai Shayi, abin da ka faɗa shi ne ainihin darasin da ya kamata a fara da shi a aji ɗaya: me ya sa rubutun bango ya saɓa da abin da ake yi a kan kanta? Ɗalibin da bai iya amsa wannan ba bai fahimci bin doka ba.

'Yata mai tambaya, bari in nuna miki inda zaren yake tsinkewa a koyarwarmu. Babi na biyu na kundin tsarin mulki, daga sashe na 13 zuwa 24, shi ne ya yi maganar ci gaba: ilimi, lafiya, aikin yi, rabon arziki. Sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sai sashe na 6(6)(c) ya zo ya ce kotu ba za ta saurari ƙara a kan wannan babin ba. Ɗalibi ya rubuta haka a jarrabawa, ya ci makinsa, ya rufe littafi. Daga ranar ya ɗauka cewa makarantar da rufinta ya yaye da asibitin da babu magani ba huruminsa ba ne, na 'yan siyasa ne.

Alhali akwai ƙofofi. A 2002, a shari'ar jihar Ondo da gwamnatin tarayya kan dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, Kotun Ƙoli ta nuna cewa idan majalisa ta yi doka a kan wani abu na babi na biyu, to ya zama abin da kotu za ta tilasta. A 2004 aka yi dokar ilimin bai-ɗaya kyauta. Yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta zama dokar Najeriya tun 1983. A 2010 kotun ECOWAS, a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP ta shigar, ta ce ilimin firamare haƙƙin kowane yaro ne a Najeriya. Lauyoyin da suka buɗe waɗannan ƙofofin ba su tsaya inda takardun darasin da malami ya raba suka tsaya ba.

Sai dokar ƙasa. Muna koyar da dokar amfani da filaye ta 1978 sashe-sashe: ƙasa amana ce a hannun gwamna, sai da izininsa ake jingina ko sayarwa, yana iya ƙwacewa don amfanin jama'a, diyya kuma a kan abin da aka gina ko aka shuka ake biya. Amma a aji nawa ake ambaton Bakolori? An gama dam ɗin a 1978 kusa da Talata Mafara da sunan bunƙasa noma. Manoman da ruwa ya cinye gonakinsu, da waɗanda aka hana shuka ana gyaran fili, suka yi ta neman diyya, suka tare hanyoyin aikin. A Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane da yawa, aka ƙone gidaje. Aikin ci gaba ne, an yi shi da takardun doka, amma babu adalci a cikinsa. Ni a ganina duk wanda zai karanta dokar ƙasa a Arewa, da wannan labarin ya kamata ya fara, kafin ya san sunan kowace shari'ar Ingila.

Barista Mai Zaman Kansa:
Allah ya gafarta Malam, na ji, kuma Bakolori ta taɓa ni. Amma kada mu bar jaki mu daki taiki. Hukuncin ECOWAS na 2010 yara nawa ya mayar aji? A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kowa ya ga jan ƙafar da ya biyo baya. Wanda yake ƙin bin umarnin kotu ba rashin sani ne ya hana shi ba, yana da manyan lauyoyi a gefensa. Ku canza manhaja sau goma, mai mulki ba zai ji tsoron ta ba.

Sannan akwai maganar ciki. Yaro ya gama shekara biyar, ko fiye saboda yajin aiki, ya biya kuɗin makarantar lauyoyi, ya sayi hular gashi da riga, ya fito ana ba shi abin da ko kuɗin mota ba ya isa. Ta yaya za ka ce masa ya tafi ƙauye kare manoma kyauta?

Malamin Jami'a:
Barista, waɗannan manyan lauyoyin da suke gefen mai mulki suna nuna masa hanyar kauce wa hukunci, a ajin wa suka zauna? Alƙalin da yake ba da umarni da tsakar dare, da kwamishinan shari'ar da yake cewa a yi watsi da shi, duk mu muka yaye su. Ba zan ce jami'a ce kaɗai ke da alhaki ba, amma ba za ta wanke hannunta ba. Mun koya musu yadda ake cin shari'a, ba mu tsaya mun sa su kalli fuskar wanda aka ci ba.

Alhaji Mai Atamfa:
Malamai ku ba ɗan kasuwa dama ya sa baki. Kuna ta maganar ci gaba kamar abu ne na gwamnati kaɗai. Ni kaya nake bayarwa bashi. Mutum ya zo daga nesa, amintacce a fuska, yana son dila biyar ya biya bayan sallah. Ba zan ba shi ba sai wani da na sani ya tsaya masa. Ba don na zarge shi ba, sai don na san idan ya ƙi biya, kotu za ta ci min shekaru ana ɗagewa, kuɗin lauya ya kusa kai bashin. Saboda haka kasuwancinmu ba ya wuce dangi da 'yan unguwa da wanda uban gidansa sananne ne. Yaro mai ƙwazo wanda ba shi da kowa haka zai ƙare a ɗan kamasho. Idan abin ya ɓaci kuma sai mu kai caji ofis a tsare mutum har danginsa su haɗo kuɗin, a cire na masu tsarewa.

Anti Lauya:
Alhaji, na gode da ka faɗi gaskiya, amma wannan na ƙarshen haramun ne a doka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki, ta kuma hana kama wani a madadin wani, wato a ɗauke uwa ko mata don ɗa ko miji ya fito. Wanda aka tsare zai iya maka ku a kotu, kai da su.

Amma bayaninka ya fi lakca goma. Abin da ake nufi da alaƙar doka da ci gaba ke nan: inda alkawari ba shi da mai tsaronsa, dukiya ba ta yawo.

Ƙanwata mai tambaya, amsar da zan ba ki ita ce kilinik, wato ofishin agajin shari'a da ɗalibai suke gudanarwa a ƙarƙashin malami lauya. Ƙungiyar NULAI ta fara yaɗa shi a jami'o'in ƙasar nan tun 2003, kuma Jami'ar Maiduguri tana cikin na farko-farko. Ni a nan idona ya buɗe. Ranar da muka fara shiga gidan yari, an jero mana mutane a tsakar gida, kowa tsugune da ɗan katinsa a hannu. Tambayoyinmu kaɗan ne: yaushe aka kawo ka, wace kotu, yaushe rabonka da zuwa. Wani dattijo ya ce tun da aka kawo shi ba a sake kiran sunansa ba. Da muka bi sawu, an kai shi gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron irin tuhumarsa, aka ce a ajiye shi a jira shawarar ma'aikatar shari'a, ɗan sandan da ke riƙe da fayil aka yi masa canjin wurin aiki, fayil ya kwanta a durowa. Babu wanda ya yi niyyar zaluntarsa, kuma an zalunce shi. Ba mu da ikon tsayawa gaban alƙali, amma mun rubuta takarda, mun yi ta sintiri tsakanin rajista da ma'aikata har aka gano fayil ɗin, malaminmu ya nemi beli.

Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta sa wa irin wannan ajiyar wa'adin kwana 14 kafin a koma gaban kotu, ta ce majistare ya riƙa zagaya caji ofis duk wata, ta ce mace tana iya tsayawa beli. Jihohi sun yi nasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Dokar tana nan. Masu bin sawu ne babu, ga kuma dubban ɗalibai zaune a aji suna kwafar allo.

Ustazun Tsangaya:
Anti, Allah ya saka. In ƙara da ɓangarenmu. Jami'o'i irin su Zariya, Bayero, Sakkwato da Maiduguri suna ba da digirin da ya haɗa dokar Turawa da shari'ar Musulunci, kuma wannan dukiya ce. Matsalar ita ce ana karanta su kamar ba su san juna ba. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musal Ash'ari ta ce a daidaita mutane a zama da kallo da hukunci, don kada babba ya yi kwaɗayin a karkata masa, kada mai rauni ya yanke ƙauna. Wannan ai shi ne sauraron adalci na sashe na 36. Safiya Husaini a 2002 da Amina Lawal a 2003, waɗanda aka yanke wa hukuncin jifa bisa tuhumar zina, da hujjojin fiƙihun Malikiyya aka kuɓutar da su a kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a, domin lauyoyinsu sun san littattafan da kyau har suka nuna inda alƙalan farko suka kauce. Kuma mafi yawan matan da ke zuwa kotu a garuruwanmu gado ne, ciyarwa, riƙon 'ya'ya. Gonar marainiya da baffanta ya riƙe shekara da shekaru, ita ma maganar tattalin arziki ce.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga wannan ɓangaren iyaka. Mu da Faransanci ake karatun a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, mai ƙara kuma da Hausa ko Zabarmanci yake zuwa, saboda haka abin da Baba Rajistara ya faɗa mun san shi. Abu ɗaya da za ku iya dubawa a wurinmu shi ne dokar karkara ta 1993. Ta kafa kwamitocin filaye har matakin ƙauye, inda mai gari da wakilan manoma da makiyaya suke shata burtali, suna rubuta shaidar gona tun kafin rigima. Ba ta kashe rikici ba, amma ta ba mutane wurin zuwa.

Game da ECOWAS da Barista ya raina: a Oktoban 2008 wannan kotun ta umarci gwamnatin Nijar ta biya diyyar sefa miliyan 10 saboda ta kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana shekara 12 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake riƙewa kamar mata, duk da cewa an haramta bauta a dokar ƙasa tun 2003. Gwamnati ta biya. Yanzu da Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, nauyin ya dawo kacokan kan alƙalai da lauyoyin gida, wato kan abin da aka koya musu.

Injiniya a Abuja:
Ni ba lauya ba ne, amma ina tsoron kada a mai da karatun shari'a ya zama na caji ofis da gidan yari kawai. Ku tuna P&ID. Kamfanin waje ne da gwamnati ta sa hannu a kwangilar iskar gas da shi a 2010, ba a aza ko bulo ɗaya ba, a 2017 masu sasanci a Landan suka ce Najeriya ta biya dala biliyan 6.6, da kuɗin ruwa ya haura biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 wata kotun Landan ta rushe hukuncin saboda an gano cin hanci. Da an biya, asibiti nawa ke nan? Muna buƙatar yaran Arewa da suka iya karanta kwangilar wuta da ma'adinai da bashin ƙasashen waje layi-layi.

Anti Lauya:
Injiniya, ba sa karo da juna. Ɗalibar da ta koyi bin fayil har ta gano inda ya maƙale, ita ce gobe za ta karanta shafi na tamanin na kwangila ba ta tsallake ba. Kuma abin da ya faru a waccan kwangilar rashin amana ne kafin rashin ƙwarewa.

Barista Mai Zaman Kansa:
To na sauko rabin hanya. Kilinik na yarda da shi, da sharaɗi biyu. A ba shi maki kamar kowane kwas, domin abin da ba ya cikin sakamako ɗalibi ba ya ba shi lokaci, malami ma haka. Sannan a sa masa kuɗi a kasafin tsangaya, kada ya dogara da tallafin ƙungiyoyin waje, ranar da suka tafi a rufe ɗakin. Amma ina nan kan bakata cewa aji mai ɗalibi ɗari uku da malami ɗaya ba zai iya wannan ba, sai jami'o'i sun daina ɗibar fiye da adadin da Majalisar Ilimin Shari'a ta ware musu.

Malamin Jami'a:
Sharuɗɗanka daidai ne. Ni abin da zan kai gaban kwamitin manhaja shi ne: zango guda na kilinik wajibi a aji huɗu, kwas na yin shari'a da Hausa inda ɗalibi zai yi wa mutum bayanin tuhuma da haƙƙinsa ba tare da ya cakuɗa da Turanci ba, da dokar ƙasa da ta ƙunshi gona da burtali, har da dokar wuraren kiwo ta 1965 da yawancin ɗalibanmu ba su taɓa buɗewa ba. Baba Rajistara, idan an amince, za mu roƙe ka ka zo ka zauna da yaran.

Tsohon Rajistara:
In Allah ya kai mu zan zo. Amma a kawo su kotun tukuna, su zauna a bencin baya inda masu ƙara suke zama, ba na gaba ba.

Alhaji Mai Atamfa:
Barista, tunda an ce caji ofis ba hanya ba ce, ina zan kai mai bashina?

Barista Mai Zaman Kansa:
Alhaji, idan a Kano kake, akwai kotun ƙananan basussuka da aka buɗe a 2019 a cikin kotunan majistare. A lokacin da aka buɗe ta, an tsara ta don bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, a gama cikin kwana 60, kuma kana iya tsayawa da kanka ba lauya. Za ka fara aika masa takardar neman biya, idan wa'adin ya cika bai biya ba ka cike fom a rajista. Ka tafi da littafin da kake rubuta bashi, da rasit, da saƙonnin waya da kuka yi da shi, da mutumin da aka ba da kayan a gabansa.